Ranar da Aka Gwada Hular Nasara a Kaina

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar kasuwar da na durƙusa a tsakiyar Matameye, hular Nasara a kaina, wani ƙato yana tsaye a bayana da gora yana tofa yawu a tafin hannunsa. Ko yanzu da furfura ta cinye kan nan da aka so fasawa, in na ji ana faskare a maƙwabta sai in ji wuyana yana shigewa cikin kafaɗa.

A lokacin Nasara bai daɗe da zama a ƙasar ba. Ni kuwa ina cikin yaran da aka kwasa da ƙarfi aka kai lakwal, wato makarantar Nasara, a Damagaram, muka fito muna jin Faransanci, muna kuma jin kanmu. Aka turo ni Matameye tafinta, na sauka gidan ƙanwar mahaifina, Goggo Hajo mai ƙuli-ƙuli. Ina da farin wando, da takalmi mai kuka, da littafin da ba ya barin hammatata ko da salla zan tafi. Na san sunayen kogunan da ban taɓa gani ba, na san sarakunan da suka mutu a ƙasar da ban taɓa takawa ba. Abin da ban sani ba shi ne ta wane gefe ake hawa doki. (Har yau ban sani ba. Ni da doki gaisuwa ce daga nesa.)

Duk shekara bayan an ɗaure damman gero, Kumandan, Baturen da ke mulkin yankin, kan zo rangadi, a yi masa sukuwa a fagen bayan gari. Mahaya kan zo daga Tsauni da Icirnawa da ƙauyukan kewaye, yawancinsu samari ne marasa nauyi, wasu ko sirdi ba sa ɗaurawa. Abin da ke kansu ƴar hula ce da aka ɗinke layu a jikinta, shi ke nan. To a shekarar da ta gabata wani yaro daga Icirnawa, Sanda, dokinsa ya yi tuntuɓe a kwana, ya jefar da shi, kansa ya sami dutse. A gaban kujerar Kumandan ya cika.

Saboda haka da shekara ta zagayo, Kumandan ya iso da buhuna cike da tsofaffin hulunan soja, irin masu kama da kwano da aka kife, da ɗan madaurin fata da ake zagayowa ta ƙarƙashin haɓa. Ya kira ni ya ce, da harshensu: “Kowane mahayi da hula, kowace hula da madauri a ɗaure. Kai za ka tsaya a kan wannan. In na ga kai ɗaya tsirara a fagen nan, babu sukuwa, kai kuma ana neman tafinta a Bilma.”

Wanda bai san Bilma ta wancan zamani ba, ba zai gane nauyin wannan magana ba. Gishiri ne da rairayi da tafiyar raƙumi wadda ba a ƙirga ta da kwana sai da wata. Wani da muka yi lakwal tare an tura shi can, ya dawo ba haƙori, yana magana shi kaɗai. Na sara wa Kumandan na ce an gama.

Da ya juya baya na ɗauki hula ɗaya na danna ta da babban yatsa. Ta lotsa. Ba ƙarfe ba ce, wani ɓawon itace ne mara nauyi kamar totuwar kara, aka lulluɓe da ƙyalle. Don rana aka yi ta, don kada ƙwaƙwalwar Bature ta tafasa, ba don dutse ba. Na san haka sarai. Amma tafinta baki ne, ba a ɗauke shi aiki don ya yi tunani ba.

Na sa aka tara mini mahaya a gindin tsamiyar da suke ɗaure dawaki. Babbansu shi ne Baba Mato na Tsauni, wani ɗan tsurut ɗin tsoho mai ƙafa gwame, wanda aka ce babu ƙashin jikinsa da bai taɓa karyewa ba sai na kunne. Na tsaya can nesa da ƙafafun dawaki, na gyara murya, na yi musu darasi. Na yi bayanin ƙoƙon kai, na yi bayanin ƙwaƙwalwa, har da zane a ƙasa. Da a nan na tsaya, da wataƙila na tsira. Amma mai sabon ilimi kamar mai sabon takalmi ne, sai ya taka inda ba a aike shi ba. Na nuna hulunansu na ce layun nan ba sa tare dutse. Na ɗaga tawa na ce wannan kuwa, ko da guduma aka buga, mai ita ba zai ji ba.

Baba Mato ya karɓi hular, ya juya ta, ya shinshina.

“Wato maganin dutse ne na Nasara,” in ji shi.

“Ba magani ba ne, Baba. Ilimi ne.”

“To, ai duk ɗaya. Yaro, kai baƙo ne a garin nan, bari in gaya maka yadda muke yi. In ɗan tauri ya zo sayar da magani, a cikinsa yake fara goga wuƙa. Mai maganin maciji, shi ke fara miƙa hannu. Ranar kasuwa sai ka sa hularka, a ɗora mata gora ɗaya. In ka tashi, duk mu sa. In ba ka tashi ba, ka ga ka hutar da mu.”

Na yi ƴar dariya irin ta masu ilimi, na ce ai ba sai an kai ga haka ba, a kawo duma a kifa masa hular a buga, duk gwaji ne.

“Duma ba shi da uwar da za ta yi kuka,” in ji Baba Mato. “Ko ba ka yarda da kayanka ba ne?”

Kafin in sami abin cewa, wani ya miƙe daga baya. Ya daɗe yana miƙewa, don akwai shi da yawa. Ilu ne, yayan Sanda marigayi, wanda aka ce tun rasuwar ƙanensa maganarsa ba ta wuce amsa sallama. Ya dube ni, ba fushi a fuskarsa ko kaɗan, wanda hakan ya fi fushin ban tsoro.

“Ni zan buga,” ya ce. “Ba ƙiyayya ba ce, Tafinta. So nake in sani, da ƙanena ya sa wannan abu, da yana nan ko ba ya nan. Don haka kada ka ga laifina, ba zan rage hannu ba.”

Na ruga wurin Kumandan, ina fatan ya hana wannan jahilci. Ya buga tebur don murna. Ya ce madalla, haka ake koyar da jama'a, da ido ba da baki ba, shi ma zai zo kallo. Ya ce ai ɗan ƙwanƙwasawa kawai za su yi. (Bai taɓa ganin Ilu ba.)

Daga ranar tuwo ya daina wucewa. In na rufe ido in ga gora, in na buɗe in ga Bilma. Na auna su a zuci kamar mai sayen goro: Bilma mutuwa ce a hankali, gora kuwa mutuwa ce ta gaggawa, kuma a gida, ga mai wanka ga mai salla. Na yi tunanin ƙetare iyaka in shiga ƙasar Ingilishi, sai na tuna ba na jin ko kalma ɗaya ta harshensu, can ni ba kowa ba ne sai mai farin wando. Ana gobe kasuwa na shiga bayan ɗaki, na kifa wata hular a kan turmi, na ɗauki muciyar Goggo na ɗan buga da rabin ƙarfina, ni da ko guga ba na iya ja. Wurin ya lotsa har yana iya riƙe ruwa.

“Kai ɗan nan, me kwanon Nasara ya yi maka?” Goggo ce tsaye a bayana.

Na gaya mata komai. Ta yafa mayafi ta fita, na jiyo sallamarta gida-gida har ta yi nisa. Da la'asar ta dawo da ƙwarya rufe da faifai, ta ajiye a gabana. Na buɗe. Layu ne maƙil, manya da ƙanana, ja da baƙi, wasu fatarsu ta yi ƙyalli don tsufa.

“Goggo,” na ce, “ni fa na yi lakwal.”

“To lakwal ɗin ta tare maka gora,” in ji ta, ta koma wurin suyarta.

Ina so in ce na daɗe ina kokawa da zuciyata. Gaskiya ban daɗe ba. Da safe na juye ƙwaryar nan kaf cikin hular, na cusa su a ratar da ke tsakanin zoben ciki da ƙoƙon hular, waɗanda suka ƙi shiga na danna su a tsakiya. Ban tambayi ko ɗaya ta mece ce ba. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa yake.

Sai wata matsala ta taso. Hular ta yi tsayi a kaina kamar tulu a kan gammo, madaurin ya ƙi kaiwa ga maƙullinsa. Ko dai in rage layu, ko in bar madauri. Ni da aka ɗora wa tsaron madauri, na dubi wannan na dubi wancan, na bar madauri. Na kawo bakinsa ƙarƙashin haɓata na danne da ƙirji, na fita kaina a sunkuye. A hanya na ji wani yana cewa, “Dubi ladabi. Ashe yaran lakwal ma suna da kunya.”

Ban taɓa ganin kasuwar Matameye ta cika irin ranar ba. Masu hatsi sun bar awo, mahauta sun zo da kalangunsu, mahaya sun ja dawakinsu sun yi da'ira. Kumandan na zaune a kujerarsa mai naɗewa, an riƙe masa laima. Da na ratsa taron, wata tsohuwa ta ce, “Allah sarki, ga shi ko aure bai yi ba.” Wani mahauci ya matso kunnena ya ce, “Tafinta, takalman nan, akwai wanda ka bar wa?”

Na durƙusa. Rana tana bayana, saboda haka duk abin da Ilu ke yi ina ganinsa a inuwa a gabana. Na ga inuwar tana naɗe hannun riga. Na ga ta ɗauki gora, ba irin ta makiyaya ba, irin wadda ake tokare ƙofar zaure da ita. Na ji gumi yana bin gadon bayana kamar jerin tururuwa. Na soma karanta duk abin da na sani, sai na ji ayoyi suna cakuɗewa da lissafin sau-sau na lakwal, ban san wanne nake ja ba.

Baba Mato ya zo gabana ya tsuguna.

“Al'ada ce, yaro. Ka yafe masa in an sami kuskure?”

Na yi shiru, don in na buɗe baki madauri zai kuɓuce.

“Jama'a na saurare. Ka yafe?”

“Na yafe,” na ce, da wata murya da ban san ina da ita ba, irin ta ɗan akuya. Madaurin ya sulale ya yi reto a gefen kunnena.

Inuwar gora ta tashi. Ta yi ta tashi har ta fice daga ƙasar da nake kallo. Kalangu ya tsaya. Na ji Ilu ya yi bisimilla, ya ja numfashi.

Daga nan ni ban yanke shawarar komai ba. Jikina ne ya yi zamansa shi kaɗai, bai gayyace ni ba. Na sulale daga ƙarƙashin hular nan kamar ƙadangaren da ya bar wa yara wutsiya, na bar ta a sarari. Gora ta same ta ita kaɗai. Na ji wani kwaf, sannan na ji abubuwa suna zubowa a bayana kamar an girgiza aduwa. Ban waiwaya ba. Da rarrafe na ci ƙasa, ina ture ƙafafun mutane, har na sami wani wuri mai inuwa na rungume ginshiƙinsa da hannu biyu. Da hankalina ya dawo na ga ginshiƙin yana da gashi. Ƙarƙashin cikin dokin Baba Mato nake, na ƙanƙame ƙafarsa ta gaba. Dokin ya sunkuyo ya dube ni, ya yi tsaki ta hanci.

Kasuwa ta yi shiru, kowa yana kallon layun da suka warwatsu a fili. Da shirun nan ya ɗore, da wataƙila an ce sirrin Nasara ne. Sai ga Goggo Hajo ta keto taro da ƙwaryarta, tana a'uzubillahi, tana tsincewa, tana kaɗe ƙasa. Ita kuwa Goggo ba ta iya aiki ba tare da magana ba, kuma muryarta ta saba talla.

“Ku ɗaga ƙafa, kayan aro ne. Wannan ta Ladi ce, ta haƙorin jariri. Wannan ta akuyar Inna Kulu ce, mai yawan ɓari. Wannan ta fitsarin kwance. Kai yaro, miƙo mini babbar nan, a hankali, ta naƙuda ce, matar maƙeri yau ko gobe take, da ƙyar ta ba ni.”

Wani ya fara, ban san ko wane ne ba. Daga nan kasuwa ta ɓarke. Na ga dattawa suna riƙe da juna kada su faɗi. Mahaucin nan ya kwanta a ƙasa yana buga kalangu da ƙafa.

Cikin wannan hali na ji an kira, “Tafinta.” Kumandan ne. Na fito daga ƙarƙashin doki, farin wandona ya zama abin da ya zama, na ƙame a gabansa.

“Me tsohuwar nan ke cewa?”

Na ce, “Tana gode wa Faransa ne, ranka ya daɗe.”

Ya daɗe yana dubana. Sannan ya buɗe baki, da Hausa, wata karkatacciyar Hausa amma Hausa, ya ce: “Ta naƙuda, ta yi aiki?”

Ashe yana ji. Duk watannin nan da nake tsakaninsa da mutane, ina rage nan ina ƙara can, ina mayar da zagi gaisuwa, yana ji. A take na soma jin ɗanɗanon gishirin Bilma a bakina.

Abin da ya cece ni, Baba Mato ne. Ya ɗauko hular daga inda ta faɗi yana leƙa cikinta, yana zura yatsa a ratar nan da na cusa layu. Ya cire hularsa, ya tsinke laya ɗaya, ya saka, ya girgiza. Ba ta faɗo ba.

“Yaro, ka wahalar da mu da ƙoƙon kai da ƙwaƙwalwa,” in ji shi. “Da ka ce mana gidan laya ne mai madauri, ai da tuni an gama. Mu da kullum iska ke ɗauke mana hula a tsakiyar gudu, mutum ya saki linzami yana cafke.” Ya juya ga samarinsa. “Kowa ya ɗauki ɗaya. Amma kada laya ta fi abin da madauri zai kai. Wanda ya bar nasa a kwance, ya dai ga abin da ya sami Tafinta.”

Ilu bai yi dariya ba tun farko. Ya karɓi hular daga hannun Baba Mato, ya sa yatsa a inda gora ta tsaga ta, ya daɗe yana shafawa.

“Ka kyauta da ka kauce,” ya ce mini. “Da yau gida biyu ke makoki.” Ya sake duban tsagar. “Amma dutse ba ya ɗaga hannu kamar ni. Da ta rage wa ƙanena.”

Shi ya fara zuwa wurin buhu ya zaɓi tasa, ya ja madaurin har ya shige naman haɓarsa.

Ranar sukuwa ba kai ɗaya da ya fito tsirara. Kumandan ya ga abin da yake so ya gani, bai ƙara ambatar Bilma ba, bai kuma ƙara yi mini Hausa ba, sai dai tun daga ranar nake fassara masa zagi a matsayin zagi. Ni aka tsayar a bakin fage ina jan madaurin kowa. Kowane mahayi in ya sunkuyo mini da haɓarsa sai ya ce a hankali, cikin girmamawa, “Sannu, Tafinta. An sauka lafiya?” Wani yaro daga Tsauni ya faɗi a kwanar nan, ya tashi yana kaɗe jiki, aka kwana biyu ana gardama ko hula ce ko laya. Ba wanda ya nemi ra'ayina.

Gaisuwar nan kuwa ta bi ni har na bar tafinta na koma koyarwa. Matan da suka tsufa tare da ni, in mun haɗu a hanya, har yau sukan tambaye ni ya jego.

Abin da na ɗauka daga ranar bai fi biyu ba, kuma babu ko ɗaya a littafin da nake yawo da shi. Kada ka yabi hula fiye da yadda za ka iya durƙusawa a ƙarƙashinta. In kuma tsoro ya kai ka ga karɓar aron laya, daure ka tambayi ta mece ce.